Ingantaccen Iri a Gonar Masara

Hekta ɗaya ta masara tana cin iri kilo 20 zuwa 25. Idan aka jera kuɗin da manomi ke kashewa daga sharar gona zuwa ɗinkin buhu, kuɗin iri yana cikin mafi ƙanƙanta, domin taki da ƙwadago su ne ke cinye jari. Duk da haka wannan ɗan kilo ashirin shi ne ke yanke iyakar abin da gonar za ta iya bayarwa. A cikin ƙwayar halin shukar yake: kwana nawa za ta yi kafin ta nuna, tsawon karanta, juriyarta ga ƙishirwa, yadda za ta kaya da ƙuduji da cuta, da yawan hatsin da za ta mayar a kan kowane buhun taki da aka zuba mata. Ruwan sama da taki da noma a kan kari su ne ke kai shuka ga wannan iyaka, ko su gaza kai ta, amma ba su da ikon ɗaga ta.

Shekaru da dama ke nan matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a Najeriya yana kewayen tan 2, wato buhu 20 mai cin kilo 100. A Habasha ya kusa tan 4, a Afirka ta Kudu yakan kai 5, a Amurka kuwa ya haura 10. Ba sai an ƙetare iyaka ba kafin a ga irin wannan rata. A ƙasar Lere ko Giwa akan sami gonaki biyu maƙwabtan juna, ruwa ɗaya ya dake su, ɗaya ta ba da buhu 15, ɗayar ta ba da 50. Dalilan suna da yawa, amma idan aka bi sawu, galibi tun ranar shuka bambancin ya faro.

Yadda masara ta fita daga bayan gida

Asalin masara ƙasar Meksiko ne, inda mutanen can suka hore ta daga wata ciyawar daji kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Ta iso Afirka bayan shekara ta 1500. A ƙasar Hausa ta daɗe tana zaman ƙaramar shuka, 'yan kunyoyi a bayan gida inda shara da kashin dabbobi suka taru, ko a bakin fadama, a gasa ko a dafa tun tana ɗanya kafin gero ya nuna. Abincin gida dawa ne da gero, kuɗi kuwa daga gyaɗa da auduga suke fitowa.

A shekarun 1970 ne al'amarin ya juya. Cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta fitar da wata farar masara mai suna TZB, mai jure tsatsar ganye da ƙunar ganye, mai kuma karɓar takin zamani. Daga 1975 shirye-shiryen bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa wa a Funtuwa da Gusau da Gombe suka ɗauki wannan iri suka kai ƙauyuka, tare da malaman gona, da hanyoyin karkara, da taki mai rangwame wanda kuɗin man fetur ya sauƙaƙa wa gwamnati. A daidai wannan lokaci gyaɗa tana durƙushewa, fari ya buge ta a 1973, annobar cuta ta ƙarasa ta a 1975, manoma kuma suna neman abin da zai maye gurbinta wajen kawo kuɗi. Sai aka tarar masara ta fi jin daɗin ƙasar Zazzau da kudancin Katsina a kan kurmin kudu inda aka saba nomanta. A nan rana ta fi fitowa, dare ya fi sanyi, cututtukan ganye ba su kai na kurmi ba, kuma kaka takan zo a bushe, hatsi ya bushe a kan kara. Cikin shekara goma sha kaɗan masara ta zama amfanin gona na farko a wurare da yawa na wannan yanki, kasuwanni irin su Saminaka da Giwa da Bakori da Ɗandume suka yi suna da ita, tuwon masara ya shiga gidajen da a da ba a san shi ba.

Wannan tarihi yana nuna abu guda da ake yawan mantawa. Iri da taki tare suka shigo, kuma tare suka yi aikin. Da an zuba wannan taki a kan tsohuwar masarar bayan gida, da yawancinsa ya tafi a tsawon kara da faɗin ganye. Da kuma an shuka TZB a gajiyayyar ƙasa ba taki, da manoma sun watsar da ita tun a damina ta biyu.

Marar aure da mai aure

Masara shuka ce da iska ke yi wa barbara. Furen namiji yana ƙololuwar kara, yana zubar da ƙura mai laushi. Gemun da ke fitowa a bakin goyo shi ne ɓangaren mace, kuma kowane silin gemu yana kaiwa ga ƙwaya ɗaya. Silin da ƙura ba ta faɗa masa ba, gurbinsa a jikin totuwa fanko zai kasance. Da yake iska ba ta san iyakar gona ba, yawancin ƙwayoyin da ke kan goyo ɗaya ubanninsu wasu shukoki ne dabam, wani lokaci ma daga gonar maƙwabci. Shi ya sa irin masara ya fi na dawa ko na wake saurin gurɓata, kuma a kan wannan hali aka gina duk hanyoyin inganta shi.

Irin gargajiya, wanda manomi ke zaɓa daga rumbunsa shekara da shekaru, yana da nasa alherin. Ya saba da ƙasar, ba a sayensa, kuma matan gida sun san yadda yake a turmi da tukunya. Rauninsa shi ne ba a zaɓe shi don gona mai taki da shuka mai yawa ba. Yakan yi tsawo ya kwanta idan iska ta taso, wasu karan ba sa yin goyo, kuma ba ya nuna lokaci ɗaya.

Ingantaccen iri marar aure, masu bincike ne ke tara iyaye masu halaye nagari, su bar su su yi ta barbarar juna, suna zaɓen mafi kyau zango bayan zango har halin da ake nema ya zauna. Yawancin nau'o'in da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara fitarwa da sunan SAMMAZ irin wannan ne. Fa'idarsa ga ƙaramin manomi babba ce, domin yana iya ajiye iri daga gonarsa ya sake shukawa damina biyu ko uku kafin ya sabunta. Sharaɗin shi ne ya ɗebi irin daga tsakiyar gona, daga shukoki masu yawa masu lafiya, kuma gonar ta yi nesa da wata masarar dabam da kamar mita 200 ko fiye, ko kuma a raba lokacin shukarsu da makonni yadda ba za su yi fure tare ba.

Iri mai aure aikinsa ya fi tsawo. Ana ɗaukar ƙurar shuka a zuba a gemunta ita kanta, a rufe da takarda don kada wata ƙurar ta shiga, a maimaita haka zango shida ko bakwai. Abin da ke fitowa ƙarshe wata 'yar tsamurarriyar masara ce, gajera, mai ƙaramin goyo, amma tsarkakakkiya, duk 'ya'yanta kamanninsu ɗaya. Idan aka haɗa irin waɗannan tsatso biyu da ba su da dangantaka, ɗan da suka haifa yakan fi iyayensa nesa ba kusa ba, a ƙarfi da girman goyo da yawan ƙwaya. Ba'amurke George Shull ne ya bayyana wannan a 1908, kuma zuwa farkon shekarun 1940 kusan duk masarar jihar Iowa mai aure ce. A Afirka, Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau, ta fitar da SR52 a 1960. Najeriya ta fara fitar da nata a tsakiyar shekarun 1980, kuma sunayen da manoman Arewa suka fi sani daga wancan zubi su ne Oba Super 1, fara, da Oba Super 2, rawaya, na kamfanin Premier Seed da ke Zariya.

A gonar kamfanin iri akan shuka layukan uwa da na uba a jere, sannan ma'aikata su bi layukan uwa kullum suna fizge furen sama kafin ya zubar da ƙura. Goyon layukan uwa kaɗai ake girbewa a matsayin iri. Wannan wahala ce ta sa mai aure ya fi tsada. Ita ce kuma ta sa ƙarfinsa na haihuwa ɗaya ne. Idan manomi ya ɗebi hatsin da ya girbe daga mai aure ya sake shukawa, halayen iyayen sai su rarrabu: wannan doguwa, waccan gajera, wannan ta nuna, waccan da saura, amfanin kuma ya ragu, sau da yawa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Manomi ya tsira da kuɗin kilo ashirin na iri, ya rasa buhuna da yawa a kaka. Asara ce da ba a ganin ta ido da ido, domin gonar takan yi kore shar kamar bara, sai a wajen awo ake ganewa, a lokacin kuma akan ɗora laifin a kan taki ko ruwa.

Abokan gaba da aka yi irin dominsu

Yawan amfani a shekara mai kyau rabin labari ne. Ga wanda hekta ɗaya ko biyu ce dukiyarsa, abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da zai tsira da shi a shekara marar kyau, kuma a nan ne binciken iri ya fi yi wa talaka aiki.

Gwaji na farko shi ne cutar zane, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa. Ganye yakan yi zane-zane rawaya, shukar ta tsumbure, idan ta kamu tun tana ƙarama ba ta yin goyo. Ta yi ɓarna sosai a Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980. Babu feshin da ke warkar da ita, sai aka sa juriyar a cikin irin kansa, aikin da ya sa IITA ta sami lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986. Yau ba kasafai ake jin labarin cutar ba, domin juriyar ta zama abin da ake tsammani a kowane sabon iri.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya fi taurin kai. 'Ya'yansa ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Da sun tsiro sai su manne wa saiwar, su riƙa tsotsar ruwa da abinci, su kuma sa wa shukar wata irin kasala da ta wuce abin da suka tsotsa. Kafin furensa mai ruwan hoda ya bayyana a sama, ya riga ya gama yawancin ɓarnarsa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa cire shi da hannu ba ya ceton amfanin bana, sai dai ya rage irinsa na baɗi. Masara ta fi dawa jin jiki a hannunsa, domin dawa ta yi dubban shekaru tana zaune da shi, masara kuwa baƙuwa ce. Ya fi kuma yin ƙarfi a gajiyayyar ƙasa, wato a gonar wanda ba shi da kuɗin taki.

Masu bincike sukan zuba 'ya'yan ƙuduji da gangan a ramin shuka a filayen gwaji na Mokwa da Abuja, su zaɓi masarar da ta tsira. Halaye biyu ake nema. Akwai shukar da ƙuduji ke mannewa amma ta daure ta yi goyo, akwai kuma wadda ba ta barin da yawa su manne mata tun farko. Na biyun ya fi daraja, saboda yana rage 'ya'yan da za su koma ƙasa. SAMMAZ 11 da SAMMAZ 15 suna cikin nau'o'in da aka fitar saboda wannan matsala. A kudancin Barno, a ƙananan hukumomi irin su Biu da Hawul da Kwaya Kusar, wani shiri da IITA ta jagoranta daga 2004 zuwa 2009 ya haɗa irin wannan masara da juyin shuka da waken suya. Saiwar wasu nau'o'in waken suya tana yaudarar 'ya'yan ƙuduji su tsiro, ba su kuma sami abin mannewa ba, sai su mutu, ga shi waken yana barin ƙasa da ɗan ƙarfi. Iri mai juriya shi kaɗai ba ya kawar da ƙuduji daga gona. Idan aka haɗa shi da juyin shuka da taki, gonar da aka yi wa kallon ta mutu tana iya dawowa.

Sai batun fari. Masara tana iya jure ɗan tsaikon ruwa tana ƙarama, amma makonni biyu kafin fure da biyu bayansa lokaci ne mai hatsari. Idan ƙasa ta bushe a wannan lokaci, furen sama yakan fito a kan lokacinsa, gemu kuwa ya yi jinkiri, kafin ya fito ƙura ta ƙare. Sai a ga kara tsaye da goyo, a ɓare a tarar da ƙwaya ɗaiɗai. Masu bincike suna shuka da rani ta hanyar ban ruwa, a wurare irin su Ikenne a kudu da Kadawa a jihar Kano, su yanke ruwan daidai lokacin fure, su zaɓi shukokin da gemunsu ke fitowa tare da furensu. Babban shirin da cibiyar CIMMYT da IITA suka gudanar a ƙasashe 13 na Afirka har zuwa 2015 ya fitar da nau'o'i masu yawa ta wannan hanya. Jure fari ba ya nufin masara za ta rayu ba ruwa. Ma'anarsa ita ce a shekarar da maƙwabci ya tashi da kara, mai wannan iri ya tashi da abin da zai ci.

Hanya ta biyu ita ce guje wa farin gaba ɗaya. Masara mai dogon zango tana ɗaukar kwana 115 zuwa 120, matsakaiciya 105 zuwa 110, mai saurin nuna 90 zuwa 95, 'yar gaggawa kuwa 80 zuwa 85. Waɗannan na ƙarshe, irin su SAMMAZ 28 da 29, su ne suka tura masara arewa zuwa sassan Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara inda damina ba ta da tsawo, inda a da gero da dawa kaɗai ake dogaro da su. Suna kuma toshe yunwar tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma farashi ya hau. Sai dai kowane kwana da aka rage, an rage wa shuka lokacin tara abinci. A ƙasar Saminaka, inda ruwa ke kaiwa Oktoba, wanda ya shuka 'yar kwana 85 a matsayin babbar gonarsa ya bar amfani a ƙasa, kuma masararsa za ta nuna cikin ruwa ta yi ta ruɓewa. Haka wanda ya kai 'yar kwana 120 Daura ya yi caca da daminarsa. Babu irin da ya fi kowane iri a ko'ina, kuma mai sayar da iri da bai tambayi manomi garin da gonarsa take ba bai yi masa adalci ba.

An kuma inganta abin da ke cikin ƙwayar. Obatanpa, wadda aka fitar a Gana a 1992 kuma ta shigo Najeriya da sunan SAMMAZ 14, furotin ɗinta ya fi na sauran masara amfani ga jikin yara. Akwai kuma nau'o'i masu ruwan lemo da ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kamar SAMMAZ 52. Karɓuwarsu tana tafiya a hankali, domin kasuwa ba ta biyan ƙari a kansu, kuma yawancin gidaje farin tuwo suka saba da shi.

Baƙuwar tsutsa da masarar TELA

A farkon 2016 aka fara ganin wata tsutsa 'yar asalin nahiyar Amurka a gonakin masara na Najeriya, cikin shekara biyu kuma ta game kusan duk Afirka kudu da Sahara. Tana shiga cikin kunnen shuka inda sabon ganye ke fitowa, ta ci ta bar kashi kamar dusa, a can ciki kuma magani ba ya isa gare ta da sauƙi. Manoma suka koma feshi sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye, galibi ba rigar kariya. Kuɗin noman masara ya ƙaru da wani sabon babi da a da babu shi.

A watan Janairun 2024 aka amince da nau'o'i huɗu, SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T, waɗanda aka fi sani da masarar TELA, aikin cibiyar Samaru tare da gidauniyar AATF. An sa musu ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke sa shukar ta samar da furotin da ke kashe tsutsar idan ta ci ganyen, tare da wani halin jure ƙishirwa. Hukumar da ke kula da lafiyar irin waɗannan halittu ta ƙasa ta ba da izininta tun a 2021. Cibiyar Samaru ta riga ta bi wannan hanya da wake, inda ta fitar da SAMPEA 20-T a 2019. Muhawara ta yi zafi a kan abincin da aka sauya wa halitta, kuma mutane suna da haƙƙin a yi musu bayani da harshensu, a kuma rubuta musu a jikin jaka abin da suke saye. Ta fuskar noma kuwa, abubuwa biyu ne ba su da shakka. TELA mai aure ce, kowace shekara sai an sabunta. Sannan tsutsa tana iya sabawa da wannan kariya, kamar yadda ya faru a Barazil da Afirka ta Kudu. Shi ya sa ake son a riƙa shuka wani ɓangare na masarar da ba ta da kariyar a kusa, domin tsutsotsin da ba su saba ba su ci gaba da haihuwa su rinjayi masu taurin. Idan aka yi sakaci da wannan, kariyar ba za ta yi tsawon rai ba.

Lissafin gona

Ingancin noma ana auna shi ne da abin da aka samu a kan abin da aka kashe. Hayar gona, huɗa, shuka, noman fari da maimai, duk kuɗinsu ɗaya ne ko hektar ta ba da buhu 20 ko ta ba da 40. Wanda ya sami 40, kowane buhu nasa ya ɗauki rabin wannan nauyi, don haka ko farashi ya faɗi a kaka yana da sauran numfashi. Wannan ne ainihin ribar iri mai kyau, kuma ita ce ke rage buƙatar sare sabon daji don ƙara yawan hatsi.

Sai dai irin yana da nasa haƙƙi. Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ga yankin Zariya ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash a hekta. A harshen kasuwa, buhu 8 ke nan na kamfa 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya, kamfar a cikin makonni biyu na farko, yuriyar kuwa a mako na biyar ko na shida, a binne ta don kada rana da ruwa su tafi da ita. Manoma kaɗan ne ke iya wannan a farashin yau. Ga mai buhu biyu ko uku, mai aure mai tsada ba lallai ya biya kansa ba; marar aure mai jure ƙuduji da ƙarancin taki, a gonar da ya iya ciyarwa, tare da takin gargajiya, shi ne zaɓin hankali. Rabin hekta da ta ƙoshi ta fi hekta biyu masu yunwa riba, ta kuma fi su sauƙin noma.

Yawan shuka shi ne abu na biyu. Ƙungiyar Sasakawa, wadda ta fara aiki a Najeriya a 1992, ta koya wa manoman Kaduna da Kano shuka ƙwaya ɗaya a rami, santimita 25 tsakanin rami da rami, 75 tsakanin kunya da kunya, har wasu suna kiran wannan salon shuka da sunanta. Lissafin yana ba da tushe kusan 53,000 a hekta. Idan kowane tushe ya ba da giram 100 na hatsi, an haura tan 5. Sababbin nau'o'i an zaɓe su ne don su jure wannan cunkoso ba tare da sun kwanta ko sun ƙi goyo ba. Wanda ya sayi irin ya shuka shi da faɗin taku irin na dawa, ya biya kuɗin halin da bai yi amfani da shi ba. Ƙwaya ɗaya a rami kuma tana nufin an dogara ga kowace ƙwaya. Idan 70 cikin ɗari kaɗai suka tsiro, gurbi kusan 16,000 ya zama fili, ciyawa ce za ta ci takin da aka zuba a wurin.

Akwai halayen da ba sa fitowa a takardar gwaji amma su ne ke sa a riƙe iri ko a yar da shi. Ɓawon da ya rufe bakin goyo sosai yana hana ruwa da tsuntsu da ƙwari shiga. Ƙwaya mai tauri ta fi daɗewa a rumbu, mai laushi ta fi ba da gari. Masu abincin kaji sun fi son rawaya, masu tuwo sun fi son fara. Matan da ke surfe da niƙa da tuƙi suna da hukuncinsu, kuma irin da bai ci jarrabawarsu ba ba ya daɗewa a gida komai yawan buhunansa.

Daga Samaru zuwa shagon ƙauye

Iri yana bin matakai uku kafin ya isa hannun manomi. Cibiyar bincike tana riƙe da irin asali, daga shi a samar da irin tushe, daga irin tushe kamfanoni da ƙungiyoyin manoma su samar da irin da aka tantance don sayarwa. Hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC, ita ke da alhakin duba gonakin da gwada irin, kuma dokar 2019 ta ƙara mata ƙarfi. A wannan sarƙa ne aka fi samun rauni a yau. Nau'o'in da aka fitar sun fi 70, amma a shagunan karkara da yawa biyu ko uku ake samu, wasunsu tsofaffi ne da aka daɗe da wuce su. Wani lokaci irin yakan iso bayan ruwan shuka ya sauka, wani lokaci a jaka babba da ta fi ƙarfin mai ƙaramar gona.

Mafi muni shi ne jabu. Marasa tsoron Allah sukan sayi hatsi a kasuwa, su rina shi da jan garin magani, su zuba a leda mai tambari. Wanda aka cuta haka ya rasa daminarsa, ya kuma rasa yarda, shi da duk wanda ya ga gonarsa, sai su koma rumbu suna cewa irin zamani yaudara ne. Hukumar ta fito da tambarin Seedcodex, wanda ake kankarewa a aika lambar ta waya don a tabbatar da sahihancin jakar. Tsari ne mai kyau, amma amfaninsa ya tsaya ga wanda ya san da shi, kuma malaman gonan da za su sanar da mutane sun yi ƙaranci ƙwarai.

Iri na gaskiya ma yana mutuwa idan ya kwana biyu a shago mai zafi ko ɗaki mai laima. Saboda haka, baya ga duba tambari da ranar gwaji da karɓar rasit, akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. A ƙirga ƙwaya 100 daga jakar ba tare da zaɓe ba, a shuka a kwanon yashi mai danshi, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Idan 90 suka tsiro, irin yana da rai. Idan ba su kai 80 ba, bai dace da shukar ƙwaya ɗaya a rami ba. Gwajin yana ɗaukar mako guda, don haka a watan Afrilu ko farkon Mayu ake yin sa, lokacin da akwai sauran damar mayar da jakar ko neman wata.